Takardar zama ma jari ce, kada mu bari ta mutu

Jama'a ƴan kasuwa, akwai wani sakaci da ya zama mana jiki. Za ka ga mutum ya san ranar da bashinsa zai cika, ya san farashin sefa da naira na safe da na yamma, amma ka tambaye shi ranar da takardarsa ta zama za ta ƙare, sai ya hau sosa ƙeya.

Da yawanmu mun dogara da cewa daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Ƙonni zuwa Illela, duk gida ne. Ta fuskar zumunta haka ne, amma doka ba ta san wannan ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kwana 90 kawai ta ba baƙo ya zauna babu biza. Wanda zai wuce haka, ya kama shago ya aje iyali, sai ya nemi izinin zama. Ga shi kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar. Ko da yake CEDEAO ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da, ta ce ne har zuwa wani sabon umurni. A watan Janairun 2025 ɗin ne kuma Nijar ta tsaurara dokar shigowa da zaman baƙi.

Iyayenmu sun ga abin da ya faru a Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako 2 su fita. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Nijeriya. Mutane sun bar shaguna da gidaje, da bashin da ba a biya su ba har yau. Ranar nan sanayya ba ta ceci kowa ba.

Wasu na cewa ɗan abin shan ruwa a shinge ya fi sauƙi. To, mu yi lissafi irin namu: abin da ake miƙawa kowace ranar kasuwa, a shekara nawa ya kama? Kuma bai hana gobe a sake tare ka.

Shawararmu ita ce, a fara neman sabuntawa tun da sauran wata 2 ko 3. Mutum ya je ofis da ƙafarsa, ya bar ƴan kamasho, ya karɓi rasit ya adana, ya yi fotokofi ya aje a gida. Ya duba fasfo ɗinsa ma, don mataccen fasfo ba ya haifar da takarda mai rai. Sarakunan kasuwa su riƙa tunatar da mutanensu.

Su kuma hukumomi, muna roƙo su manna farashi da sharuɗɗa a ƙofar ofis, da Hausa, su kuma rage jeka-ka-dawo. Mai son bin doka bai kamata ya rufe shago mako guda ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.