Itatuwan da Ke Ɗauke da Sunayen Matattu

A gabashin Finland, idan aka yi rasuwa a da, sai a sare rassan wata itaciya a hanyar maƙabarta, a zana shekarar rasuwar a jikinta, don kada mamacin ya komo gida. Irin waɗannan itatuwa masu ɗaukar hoto Ritva Kovalainen da Sanni Seppo suka bi da kyamara har suka fitar da littafinsu a 1997. Ina jinjina musu, domin daga baya sun juya kyamarar ga dazuzzukan da masana'antar katako ta aske ƙwal. Al'ummar Finland da ta tsugunar da 'yan gudun hijirar Kareliya kusan 400,000 bayan yaƙi da Tarayyar Sobiyet ta san zafin rasa ƙasar haihuwa, bai kamata ta ƙyale injin ya kayar da itacen kakanninta ba.