Fasto ya tashi, wa ya bari a baya?

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a Facebook hotunan bikin sallamar fastoci ne. An yi wa Baba Fasto canjin wurin aiki, Zumuntar Mata sun yi anko, an ba shi firij da buhunan masara, sakatare ya tashi ya karanta ayyukan da ya yi: ya rufe majami'a da kwano, ya zagaye fili da katanga, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi kayan kiɗa. Madalla, duk aiki ne. Amma da wuya ka ji an ce ga mutum huɗu ko biyar da ya horar da hannunsa, waɗanda yau za su iya buɗe Littafi Mai Tsarki su koyar, su sasanta ma'aurata, su tsaya a bakin kabari su ta'azantar da masu makoki ba tare da an jira an kira fasto daga gari ba. Ni kuwa a ganina wannan ne ya kamata ya zo farko a jerin.

Kada wani ya ce wannan maganar 'yan boko ce. Ku tuna 29 ga Oktoba 2014, ranar da Boko Haram suka shiga Kwarhi, hedkwatar EYN, suka kuma kama Mubi. Shugabannin ekklesiyar sai da suka koma Jos na wani lokaci, makarantar Kulp da ke horar da fastoci ta watse. Jama'a suka bazu, wasu Yola, wasu Abuja, wasu suka tsallaka Kamaru har sansanin Minawao. Fasto da garkensa ba lallai su gudu ta hanya ɗaya ba. To ranar Lahadi a sansani ko a kan dutse, wa zai tara mutane? Ai sai wanda aka riga aka koya wa. Ekklesiyar da aka fara a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923 ta ga cikar shekara ɗari a 2023, kuma kowa ya san ba gine-gine ne suka riƙe ta ba, don gine-ginen da yawa an ƙone su. Yau ma a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai akwai ƙauyukan da ake kwana da fargaba, an sace fastoci, an kashe wasu. A irin wannan ƙasa, ekklesiyar da komai nata ke rataye a wuyan mutum ɗaya tana wasa da ranta ne.

Abin mamaki, ba haka muka faro ba. Lokacin da aka kafa EMS a 1948, kafin ma ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, masu bishara da suka riƙa shiga ƙauyuka manoma ne da suka yi ɗan karatu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 shi ne kusan dukan ɗakin karatunsu. Mai bishara ya sauka a gari, ya koya wa samari karatu, cikin 'yan shekaru ɗaya daga cikinsu ya zama mai jan sujada, shi kuma ya ƙara gaba. Sabon Rai Don Kowa ma a shekarun 1960 da 'yan majami'a aka yi shi, ba da masu farin kwala kaɗai ba. Yanzu muna da TCNN a Bukuru, wadda aka buɗe tun 1959, ga JETS a Jos tun 1980, ga Kagoro da Igbaja da Gindiri, digiri ya yi yawa, amma dattijon da zai iya bayyana wa ɗan ajin baftisma abin da ya gaskata sai an tona.

Me ya kawo haka? Wani ɓangaren tsoro ne, mu faɗi gaskiya. Fasto ya ba wani dattijo wa'azi sau ɗaya, jama'a suka yaba, daga ranar ba zai sake hawa mumbari ba sai dai sanarwa. Ana ganin wanda ya iya kamar kishiya. Wani ɓangaren kuma laifinmu ne mu 'yan majami'a. Ranar zaɓen dattawa, me muke dubawa? Wane ne mai mota, wane ne daga zuriyar da suka ba da fili, wane yare ne bai samu kujera ba tukuna. Abin da Bulus ya lissafa wa Timoti da Titus game da halin dattijo, da yadda yake riƙe gidansa, da iya koyarwa, a karanta shi da safe a yi zaɓe da rana kamar ba a ji ba. Sai fasto ya samu kansa da majalisar da ta ƙware a gardamar kuɗin siminti, amma a ce wani ya yi addu'ar buɗewa sai kallon-kallo.

Sai dai a yi wa fastoci adalci. Mutum ɗaya shi ne jana'iza, shi ne ɗaurin aure, shi ne zanen suna, shi ne asibiti, shi ne taron gunduma, shi ne zai bi kuɗin da za a aika sama. Albashin wasu a ƙauye ba ya kai su tsakiyar wata, dole ya shiga gona kamar kowa, ga kuɗin makarantar yara. Kuma ya san bayan 'yan shekaru takardar canji za ta zo, kuma da gini za a auna shi. In kai ne, me za ka sa a gaba? Katanga ana ganinta cikin wata shida, mutum kuwa sai ka yi shekara uku kana zama da shi kafin a ga wani abu.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba: shi faston wa ke kiwonsa? Daga ranar da aka naɗa shi ya zama Baba, ko da shekararsa talatin da biyu. Ba mai tambayarsa yaya zamansa da Mama Fasto, bashi nawa ke kansa, yaushe rabon da ya karanta Littafi don kansa ba don wa'azin Lahadi ba. In ya faɗa wa dattawa damuwarsa, gobe ta zaga gari. In ya faɗa wa na sama, yana tsoron ta shiga fayil. Sai ya haɗiye. Mu kuma mun ɗauka girma cikin kira shi ne ƙarin laƙabi, daga Fasto zuwa Rabaran zuwa Rabaran Dakta, wani daktan ma ba a san inda aka yi karatunsa ba. Ga tsofaffin fastoci da suka yi ritaya suna zaune a gida da shekara arba'in na sanin aiki, ba mai neman su sai ranar bikin godiya a ba su kujerar gaba.

Ba karatu nake suka ba fa. Byang Kato ɗan Kwoi ya yi Igbaja, ya yi Landan, ya yi Dallas a Amurka. Ya zama babban sakataren ECWA a 1967, daga baya ya riƙe ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya. Ya rasu a ruwa a Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39 kacal. Amma abin da ya dage a kai shi ne a kafa wuraren da za a horar da wasu, kuma makarantun tauhidi na Bangui da Nairobi da aka buɗe bayan rasuwarsa daga wannan burin suka fito. Karatunsa bai tsaya a bangon ofis ba.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Fasto, in za ka gaisuwar mutuwa ko duba marar lafiya, ɗauki mutum ɗaya a bayan babur, a hanyar dawowa ku tattauna abin da ya gani. Addu'ar tsakiyar mako ka bar wa dattawa bi da bi, ka zauna da mai wa'azin kafin ranar, ka gyara masa bayan an tashi, a keɓe ba a gaban jama'a ba. Abin da ka koya da Turanci a makaranta ka sauke shi cikin Hausa ko yaren garin, don yawancin dattawanmu na karkara da shi suke tunani. Kada kuma a tsaya kan maza. Shugabar Zumuntar Mata a wurare da yawa ta fi kowa sanin gidan da ake kwana da yunwa da gidan da aure ke tangal-tangal, amma wa ya taɓa zama ya koya mata yadda ake ba da shawara daga Littafi?

Ku kuma shugabanninmu na gundumomi, ko ECWA ne ko COCIN ko HEKAN ko LCCN, takardar miƙa aiki da fasto ke cikawa in zai tashi tana da wurin kujeru nawa, kuɗi nawa a asusu, bashi nawa. A ƙara layi ɗaya: sunayen waɗanda ka horar, da abin da kowannensu ya iya. Sabon fasto in ya zo ya neme su ya gwada. Sannan kowane sabon fasto a haɗa shi da tsoho ɗaya wanda ba shi da hannu a canjinsa ko ƙarin girmansa, su riƙa ganawa ko sau ɗaya a wata, ekklesiya ta biya kuɗin mota.