Kazarka ta haura katanga, kai za a tambaya

Kaza ba ta san iyakar gida ba, mai ita ne ya sani. Ƙaramar magana ce, amma ita ke haɗa wasu daga cikin mutanenmu rigima da maƙwabta a nan Kuala Lumpur da kewayenta. Mutum ya bar gidan bene, ya kama haya a irin gidajen nan na jere da ke Setapak ko Gombak, ya ga ɗan fili a baya, kewar gida ta motsa, sai ya sayo kaji uku ko huɗu. Ni ban ga laifin kiwon ba. Duk wanda ya taɓa farfesun kazar ƙauye, wadda mutanen nan ke kira ayam kampung, ya san dalilin da ya sa ta fi ta gidan gona tsada. Inda nake da ja shi ne sakin da muke musu kamar muna Dambatta.

A gida kaza kan fita da safe ta zaga unguwa, ta ci tsabar da aka shanya, a kore ta da tsintsiya, magariba ta yi ta dawo akurki. In abin ya yi tsami, matan gida biyu su yi cacar baki ta kan katanga, gobe a gaisa. Nan ba haka ba ne. Maƙwabcinka, Bamale ne ko ɗan Sin ko ɗan Indiya, ba lallai ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Hoto zai ɗauka ya tura wa mai gidan da kake haya, ko ya kai ƙara hukumar birni, wato DBKL, ko majalisar yankin da kake. Dokar ƙananan hukumomi ta 1976 ta ba su ikon shiga maganar dabbar da aka ajiye ta yadda za ta dami jama'a ko ta cutar da lafiyarsu. Kai kuma baƙo ne, da takardar karatu ko ta aiki kake zaune. Kuma kowa ya san wahalar da baƙar fata ke sha kafin wani ya yarda ya ba shi haya a garin nan. Mai gidan da ya kore ka saboda kaji, ɗan Afirkan da zai zo bayanka ma ba zai ba shi ba.

Wai me ya sa suke haurawa haka? Ai gado ne. Kakar kajin duniya, kazar dajin nan mai jan gashi, asalinta wannan yanki ne na Asiya, har yau tana nan a dazuzzukan Malesiya, tana tashi tana kwana a kan bishiya. Kazar ƙauye ba ta da nauyi, ba ta yi nisa da kakarta ba. Ta gidan gona ce ƙiba ta hana tsalle. Saboda haka katangar da ta tsaya maka a ƙugu wasa ce a wurinta, musamman da yamma, lokacin da take neman wuri mai tudu ta kwana.

Maganin ba shi da tsada. A kama ta da dare tana kwance, a buɗe fiffike ɗaya, a sa almakashi a rage dogayen gashin nan goma na bakinsa, kamar rabin tsawonsu. Fiffike ɗaya kawai fa, don in ta yunƙura ta karkace ta faɗo. In aka yanke biyun daidai, wata sai ta koyi tashi da su a haka. Ba ya mata zafi, kamar yankan farce ne, sai dai a duba kada a taɓa sabon gashi mai tsirowa wanda ƙashinsa ke da duhu, domin akwai jini a ciki. Kada a fige. Figewa azaba ce, kuma cikin 'yan makonni wani zai fito. Wanda aka yanke kuwa yana nan har ta zubar da gashi, sai a sake. Sannan a janye bokiti, tukunyar fure da tarin katako daga jikin katanga, don da su take yin matakala. Wanda ke da hali ya ɗaga shingen ya kai mita biyu, ya rufe samansa da raga. Rufewar ta fi komai, domin kazar da aka rage wa fiffike ba ta iya tsere wa guza ko mesa, su kuma ba baƙi ba ne a lambatun bayan gidajen garin nan.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin jinya shi ne kashinsu. Kaza na iya zama lafiya ƙalau tana ɗauke da ƙwayoyin salmonela da kamfilobakta, masu sa gudawa da zazzaɓi, kuma ƙananan yara suka fi shan wahalarsu. Yaron maƙwabci da ke rarrafe a barandarsu bai ci ƙwanka ba, bai kamata ya ci kashin kazarka ba. Kaskon ruwansu ma a riƙa wanke shi kullum, in ba haka ba ka buɗe wa sauron dengi gidan haihuwa, jami'an lafiya kuma na cin tara in suka tarar da tsutsarsa.

Sai murar tsuntsaye. Masu shekaru za su tuna watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da H5N1 a wata gona a Jaji, jihar Kaduna, karon farko a kajin Afirka, kafin ƙarshen watan kuma ta ɓulla a Magariya ta Nijar. A cikin wannan watan dai ta kashe kajin ƙauye masu yawo a Setapak ɗin nan, hukuma ta bi gida gida tana hallaka na kewaye. Kaza mai yawo tana cuɗanya da tsuntsayen waje da kajin wasu, abin da ta kwaso ta kawo gida, na gida ta kai wa wasu.

Wannan ya sa nake ganin maganar ta shafi iyayenmu da ƙannenmu na gida ma. Kano da Maradi na yau sun cika, filayen da kaji ke kiwo a da duk an gine. Za a ce killace kaza sai da kuɗin abinci, gaskiya ne, kuma ga mace mai kaji biyar da ke sayar da ɗaya ta yi wa yaro kuɗin magani, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. To amma dusa da ragowar tuwo da ganye suna riƙe ƙaramin garke, kuma wadda mota ta take ko shaho ya ɗauke wa 'yan tsaki ita ma asara ce. Mu da ke turo kuɗin Sallah, ragar waya ɗaya ba za ta gagare mu ba.

Mai niyyar kiwo a nan ya fara tambayar mai gidansa, ya kuma bincika ƙa'idar yankinsa kafin ya sayo ko tsako ɗaya. Zakara kam, babu ragar da ke tare cararsa da asuba. A gidan jere a yanka shi tun bai fara ba, kaji na yin ƙwai ko babu shi.