Wa Zai Kai Maganar Sulhu Cikin Unguwa?

A ranar 22 ga watan Agusta na 2002, shugabannin addini 22, rabinsu Musulmi rabinsu Kirista, suka hallara a birnin Kaduna da goyon bayan Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, suka sa hannu a kan takardar da aka sani da Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, suka ɗauki alkawari a gaban Allah da jama'a cewa za su tsaya su hana zubar da jini da sunan addini, domin kuwa a lokacin mutanen garin ba su gama juyayin tarzomar shari'a ta 2000 ba, wadda ko a lissafin hukuma ta ci rayuka fiye da 1,000. Wata uku bai cika ba sai garin ya sake kamawa da wuta, aka rasa mutane fiye da 200. Tun daga ran nan, duk sa'ad da aka ce za a zauna a tattauna don kashe wata husuma, ba a rasa mai taɓe baki yana cewa taron shan shayi ne, soja da bindiga kaɗai ke tsare talaka. Ba na raina wannan magana, gama da yawa daga masu faɗinta sun binne 'yan'uwansu da hannunsu. Amma a ganina sun ɗora laifin inda ba nan yake ba, domin maganar sulhu an yi ta a Kaduna, kai ta ga masu ita ne ba a yi ba.

Bari mu bi yadda al'amarin ya gudana, don a cikinsa hujjata take. Ranar Asabar 16 ga Nuwamba, ana cikin azumin Ramadan, jaridar ThisDay da ake bugawa da Turanci a Legas ta fito da wani rubutu game da gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja, a cikinsa kuwa akwai kalmomin da suka taɓa martabar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, waɗanda babu Musulmin da zai ji su zuciyarsa ba ta tafasa ba. Ba a ƙone ofishin jaridar na Kaduna ba sai ranar Laraba, 20 ga wata. Wato tsakanin fitar magana da tashin wuta akwai kwana huɗu cur, kuma a cikin kwanakin nan maganar ba ta zauna wuri ɗaya ba: ta fita daga Turanci ta shiga Hausa, ta bar hannun 'yan ƙalilan da suka karanta ta faɗa bakin dubban da ba su taɓa ganin jaridar ba, ta bi majalisu da tashoshin mota da rumfunan kasuwa, kowane mai ɗauka yana ƙara mata nasa zafin, ba tare da an biya kowa ko anini ba. Jaridar ta nemi gafara fiye da sau ɗaya, sai dai a shafinta ta nema, da harshen da ta yi laifin da shi. Laifi ya yi yawo da Hausa, tuba kuwa ta tsaya a Turanci. Takardar Agusta ma ina tambaya, samari nawa ne a Rigasa ko a Sabon Tasha aka taɓa tara su aka karanta musu ita, aka ce ga abin da malaminku ko fastonku ya ɗauka a wuyansa a madadinku? Ƙarshenta waɗanda aka kashe, Musulmi da Kirista, mutane ne da ba su rubuta ko harafi ɗaya ba.

Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. Duk wanda ya zauna gaban mai tafsiri ya ji cewa a cikin Suratul Hujurat umarnin bincika labari kafin a yi aiki da shi ya gabaci umarnin sulhunta ƙungiyoyi biyu masu faɗa, kuma mufassirai da yawa sun ambaci cewa sababin saukar ayar shi ne wani jakada da aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, ya komo da labarin cewa sun ƙi, har aka yi niyyar tura musu runduna, alhali kuwa mutanen suna nan a kan biyayyarsu. Idan a Madina, da Manzo a raye, labarin mutum guda ya kusa jawo yaƙi, me za mu ce da zamanin da kowane yaro ke riƙe da wayar da za ta isar da hoto ga mutum dubu kafin a idar da salla? A watan Yuni na 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Jihar Filato, binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa wasu hotunan da aka yi ta watsawa a Facebook a matsayin gawarwakin rikicin ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba, amma kafin gaskiya ta bayyana an riga an tare hanya an kashe matafiya. Annamimanci, wanda shari'a ta lissafa cikin manyan zunubai, yanzu ana yinsa da yatsa guda, mai yin kuwa yana ganin taimakon 'yan'uwa yake.

Akwai kuma illar da kan samu magana tun a zauren da aka yi ta. A ranakun 4 da 5 ga Janairu na 1967 shugabannin sojan ƙasar nan suka zauna a Aburi ta ƙasar Gana bisa gayyatar Janar Ankrah, suka rabu suna musafaha, kowa yana tsammanin an gama. Da suka koma gida, Ojukwu ya fassara abin da aka cimma da cewa kowane yanki ya kusa cin gashin kansa, su Gowon da manyan sakatarorin Legas suka yi masa wani tawili dabam, kuma cikin wata shida aka shiga yaƙin basasa, wanda ya ci wata talatin. A Hudaibiyya kuwa, cikin shekara ta shida bayan hijira, sai da aka yi jayayya da Suhailu bin Amru a kan lafuzzan da za a rubuta ɗaya bayan ɗaya, aka sauya abin da bai yarda da shi ba, aka kafa shaidu, sa'an nan aka tashi. Jayayyar da aka gudu a kan takarda ita ake komawa a yi a fagen fama.

Wanda yake son ganin yadda magana ke aiki idan an ba ta haƙƙinta, to ya dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda su ne ma suka yi ta kai da kawo har aka sami takardar Agusta. Dukansu biyu sun jagoranci matasa a faɗan 1992, lokacin da rikicin Zangon Kataf ya tsallako Kaduna. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, kuma abin da ya fi jan hankalina a labarinsu shi ne jinkirinsa: Wuye da kansa ya sha faɗa cewa ya shekara uku yana aiki da Ashafa, yana tafiya da shi, alhali tunanin ramuwa bai bar zuciyarsa ba. Abin da ya fara sassauta shi kuwa har da zuwan Ashafa duba mahaifiyarsa a asibiti. Wannan ma isar da saƙo ne, bal ma ya fi huɗuba ratsa jiki, domin mutum yakan yi shakkar lafazi amma da wuya ya yi shakkar wanda ya tako ya zo gaishe da marar lafiyarsa.

Da wannan haƙuri suka shiga Yelwa ta ƙaramar hukumar Shendam a Jihar Filato, inda a Fabrairu na 2004 aka kashe Kiristoci da dama, wasunsu a cikin majami'a, a watan Mayu kuma aka kashe ɗaruruwan Musulmi, har ramuwar gayya ta tashi a Kano, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata shida. Sun yi ta komawa garin, suna zama da kowane ɓangare, suna barin kowa ya zayyana abin da aka yi masa a gaban wanda yake zargi, wanda ake zargi kuma ya saurara har a kai aya. Sa'an nan a Fabrairu na 2005 aka shelanta sulhun a bainar jama'a, mutanen gari suna gani suna ji. Sauraro shi ne rabin da muke yawan mancewa, domin mai ƙorafin da bai sami kunne ba yakan nemi hanyar da dole a ji shi.

Ba na cewa magana tana maye gurbin adalci. Amma shirun hukuma shi ma saƙo ne, kuma mugun saƙo. Tun daga rikicin Kafanchan na 1987 ake kafa kwamitocin bincike, mutane su zo su ba da shaida suna hawaye, sa'an nan a kulle rahoto; na Mai Shari'a Niki Tobi a kan rikicin Jos na 2001 sai da ya yi shekaru masu yawa kafin jama'a su gan shi. Yaron da aka kashe ubansa, idan gwamnati ba ta gaya masa wanda ya yi da abin da aka yi masa ba, lalle zai sami mai gaya masa, kuma ba a zaɓar masa wanda zai faɗa.

Abin da ya fi damuna game da Kaduna shi ne, tun bayan 2000 kogin da ya ratsa garin ya zama iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka koma kudu, da haka kuma aka yi asarar maganganun yau da kullum waɗanda ba a kiransu sulhu amma su ke riƙe da shi, irin su gaisuwar safe, da barka, da ta'aziyya, da bashin mai kanti. Dā idan aka ce mutanen wancan ɓangare suna shirin kawo hari, mutum zai leƙa gidan maƙwabcinsa ya tarar da shi yana alwala ko yana shirin zuwa coci, jita-jitar ta mutu nan take. Mai unguwa kuma ya san kowa, in ta gagare shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Yanzu babu wanda za a leƙa. Tun da hanyar nan ta toshe, wajibi ne a gina wata da gangan, tun ana zaman lafiya, ta yadda limamin Tudun Wada da faston unguwar Television za su san juna, su riƙe lambar juna, kowa ya yarda cewa in ya kira da tsakar dare za a ɗauka, kuma gidajen rediyo su san muryar da za su sa a sa'ar farko. Muna da wata ni'ima da ƙasashe da yawa ba su da ita, wato harshe guda da ake huɗuba da shi a masallaci, ake kuma wa'azi da shi a majami'u masu yawa na Kaduna da Filato.

A watan Maris na 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Kachia da Sanga suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Kafanchan, a 2017 kuma Jihar Kaduna ta kafa hukumar zaman lafiya. Ina roƙon wannan hukuma ta ɗauko takardar nan, ta sa a karanta ta da Hausa da Fulatanci da harsunan Atyap da Bajju da sauran masu ita, a masallatan Juma'a da majami'u da kasuwannin mako, tare da sunayen waɗanda suka sa hannu, kuma a yi haka kafin kowane zaɓe ya ƙarato, tun da mutanen Zonkwa da Kafanchan ba su manta abin da ya biyo bayan na Afrilun 2011 ba.