Wasiƙa ga Masu Haɗa Lasifika a Ƙonni, Malbaza da Illela



Da ku nake, ku da kuke sayar da kayan sauti kuna kuma haɗa wa mutane su, tun daga shagunan bakin titin Birnin Ƙonni zuwa Galmi da Malbaza, har Badagishiri da Illela. Kayan nan da ke shigowa ta iyakar Illelar Sakkwato yanzu sun kai har ɗakunan amare: babban akwati guda mai gurnani, ƙananan lasifika biyar, da kwali mai ɗauke da hoton falon da ba a gina irinsa a nan. Yadda ake haɗa su kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. A jera duka shidan a kan teburin talabijin, a lulluɓe su da ƙyallen ado, a murɗe sauti har kwanon rufi ya fara rawa, a karɓi ladan aiki a tafi. Maganata guda ce. Mai ɗaki ya biya kuɗinsa ne don ya ji magana tar daga inda yake zaune, wannan kuwa ya dogara ga inda kuka ajiye lasifika fiye da yawansu ko lambar da aka buga a kwali.

Mu fara da lambar, tunda ita ake nuna wa mai saye. Idan kun ga an rubuta wat dubu biyar, gefensa kuma da haruffan PMPO, ku juya bayan na'urar ku karanta wutar da take ja daga bango. Na'urar da ke cin wat sittin ba ta da inda za ta samo dubu biyar ta ba lasifika. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba yankewa. Ita ɗin ma ba ta yin abin da ake zato. In an ninka ƙarfi sau biyu, desibel 3 kawai sauti ke ƙaruwa, sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninka. Duk wanda ya ga yadda gidaje suka koma ga sola da batir bayan Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 ya san wat ba abin watsarwa ba ne a nan.

Sannan ku tambayi mai ɗaki abin da yake kallo kafin ku zaɓa masa kaya. Tsarin da ake kira 5.1 ya yi suna ne a gidajen sinima, lokacin da Dolby Digital ya fito a 1992, kuma yana aiki ne in an naɗi fim ɗin da hanyoyin sauti shida daban-daban tun daga tushe. Yawancin abin da ake kallo a ɗakunanmu, finafinan Kano da fassarar Indiya da wa'azi da waƙoƙin da ake turawa cikin wayar salula, hanya biyu gare su, dama da hagu. Ga irin wannan, ƙananan akwatunan baya ba su da wani saƙo nasu na kansu, maimaita na gaba kawai suke yi ko abin da na'ura ta ƙirƙiro musu. Wanda kallonsa bai wuce nan ba, lasifika biyu masu kyau sun fi masa biyar marasa nauyi, kuma gaya masa haka amana ce, ko da ribar ranar ta ragu.

In kuwa an riga an sayi biyar ɗin, to a ba kowace gurbinta. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar wannan tun 1992 a takardarta mai lamba BS.775, kuma agogon bango ya isa ya koyar da ita. Ku ɗauka mai kallo yana zaune a tsakiyar agogo, talabijin yana kan sha biyu. Lasifikar tsakiya ta zauna nan kan sha biyun, dab da allon. Na gaba biyu su tsaya kan sha ɗaya da kan ɗaya, wato digiri 30 kowane gefe. Na baya biyu su kasance wajen huɗu da takwas, a gefen kafaɗa da ɗan komawa baya, sama da kai kaɗan. Igiya guda ta wadatar wajen awo: tazarar da ke tsakanin lasifikan gaba biyu ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin kowacensu da mai zama.

Wani zai ce an tsara wannan ne don falon Turawa mai kujera guda a tsakiya, mu kuwa a ƙasa muke zama, kuma da yawa. Gaskiya ne, amma hujjar a kanku take komawa. Kunnen wanda ya zauna a tabarma bai kai mita guda daga ƙasa ba, to me lasifika ke yi can saman sif kusa da rufi, tana watsa siririn sauti ta saman kawunan mutane? Sauti mai kauri yana bazuwa ko'ina, siriri kuwa gaba yake tafiya kamar hasken tocila, wanda bai fuskanta ba ya rasa shi. Ku sauko da lasifikan gaba daidai kunnen mai zama, in wuri bai bari ba ku karkata fuskarsu ƙasa. Yawan jama'a kuma shi ne ma dalilin lasifikar tsakiya, domin ita ke riƙe murya a kan allo ga wanda ya zauna a gefe.

A nan nake son ku daɗe, domin harshenmu ne a ciki. Bambancin kara da ƙara, ko sara da tsara, wani ɗan gajeren sauti ne siriri a farkon kalma, kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa in gurnani ya yi yawa ko ɗaki yana amsa kuwwa. Ɗakin ƙasa mai darduma da labule da katifa yana shanye amsa-kuwwa da kansa. Ɗakin bulo da aka shafe da simintin Malbaza, aka shimfiɗa masa tayil, aka rufe da kwano ba sili, shi kuwa mayar da kowace kalma yake yi ta dawo ta hau kan mai bi mata. Ku tsaya tsakiyarsa ku tafa hannu sau ɗaya. In kun ji tafin ya ja wutsiya, ƙarin sauti ƙara dagula magana zai yi. Maganinsa kafet tsakanin lasifika da mazauni, da labule mai kauri a bangon da ke fuskantar talabijin. Shi kuma babban akwatin, sautin da ke ƙasa da kaɗawa 80 a daƙiƙa kunne ba ya gane daga ina ya fito, don haka kuna da sararin matsar da shi. In kun cusa shi a kusurwa gurnaninsa zai kumbura ya danne murya. Ku ɗora shi a mazaunin mai ɗaki, ku saka kiɗa, ku zagaya gefen bango a durƙushe, inda kuka ji kaurin ya fito sumul nan ne wurinsa. Kafin ku tashi ku duba wayoyi, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Guda ɗaya in ta juye, lasifika biyu za su riƙa soke kaurin juna, a yi ta zargin kaya alhali hannu ne ya yi kuskure. Ƙyallen adon nan kuma a ɗauke shi daga kan amfilifaya, zafin Afrilu da Mayu kaɗai ya ishe ta.

Saura babbar hujja, wadda na san ita ce a zuciyar da yawanku: mai saye ƙara yake so, in ban ba shi ba zai tafi shagon gaba. Masu gidajen kallon ƙwallo ma za su ce ga ihun jama'a ga rurin inji, dole a murɗe. Ban raina wannan ba, abinci ne. Amma a fili sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, saboda haka yaron da ke bencin gaba, mita guda daga lasifika, yana shan desibel 18 fiye da wanda ke mita takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, a desibel 100 kuwa lokacin bai kai rabin awa ba. Wasan ƙwallo guda minti 90 ne. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, kuma yaran da ke cika bencin gaba ba su san haka ba, ku ne kuka sani. Hanyar fita tana hannunku: ku ɗaga lasifika sama da kawuna ku sunkuyar da su, ku ƙara wasu biyu a tsakiyar rumfa, ku rage ƙarfin duka, ku nisanta inji da doguwar waya. Sai dai ku lura, lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su a baki ɗaya sun koma om 4, in an ƙara ta uku amfilifaya na iya ƙonewa.

Mai saye kuwa yana neman ƙara ne saboda ita kaɗai aka taɓa gwada masa. Don Allah, a aikinku na gaba ku tafi da igiyar awo, ku zaunar da mai ɗaki a inda ya saba zama, ku saka masa labarai ko wa'azi da sauti matsakaici, ya ji yadda kayan suke a jere kan tebur, ya kuma ji bayan kun raba su. Ku bar shi ya zaɓa da kunnensa.