Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: A Koya Wa Mutanen Karkara Neman Wanda Ya Ɓata

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf.



Ranka ya daɗe, na rubuto ne daga karkarar arewacin Kano a kan wata buƙata da ba ta cika shiga jerin koke-kokenmu ba. Mun saba roƙon taki da hanya da asibiti. Yau roƙona shi ne gwamnatinka ta horar da mutanen ƙauye yadda ake neman mutum idan ya ɓata, da yadda ake ceto shi idan ruwa ko rijiya ne suka ɗauke shi.

Na san ba ka manta da yammacin Talata, 30 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya taso daga Badau zai tsallaka madatsar ruwan Watari zuwa Bagwai, maƙare da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya kife. A daren aka tsamo gawa 20, wayewar gari aka ƙara 9, kamar yadda hukumar kashe gobara ta jiha ta sanar, kuma mafi yawansu yara ne. A wannan ruwan dai, a 2008, kwale-kwalen 'yan kai amarya ya nutse da mutane masu yawa. Gwamnatin 2021 ta dakatar da jigilar mutane ta ruwan, an yi ta'aziyya, an yi addu'a. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da nake so ka duba shi ne su wa suka fara isa bakin ruwa a ranar. Masunta ne da samarin gari da iyayen yaran. 'Yan kwana-kwana sun zo, sun yi aikinsu, Allah Ya saka musu, amma wanda ruwa ya rufe wa hanci mintuna kaɗan gare shi, motar agaji kuwa daga nesa take tasowa. Ko da kowace ƙaramar hukuma za ta samu ofishin kashe gobara da sababbin motoci, sa'ar farko tana hannun maƙwabta. Haka abin yake a Watari, haka yake a madatsar Thomas ta wajen Dambatta da Makoɗa, haka a Wasai ta ƙasar Minjibir, haka a kowane kududdufin da aka haƙi ƙasar gini aka bar shi a bayan gari. Tunda su ne za su fara zuwa ko an so ko an ƙi, ya kamata su zo da sanin abin da za su yi.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ina mutum zai ɓata a nan? Babu daji, gari na kallon gari, ko'ina gona ce da burtali. Da rani gaskiya ne, daga nan kana hango rimin ƙauyen gaba. Amma a zo a watan Agusta ko Satumba, lokacin da gero da dawa suka fi mutum tsawo. Yaro ɗan shekara uku da ya bi yayarsa kai abinci gona, ya ratse taku ashirin, ya shige inda ko a kan doki kake ba za ka gan shi ba. A lokacin ne kuma kududdufai suke cika, ƙoramu suke kawo ruwa, ciyawa take rufe bakin tsofaffin rijiyoyin lambu. Da hunturu hazo da sanyin dare ne abin tsoro, musamman ga tsohon da gigin tsufa ya kama ya fita da asuba wai zai tafi garin da aka haife shi. Ga mai farfaɗiya da ya je ɗiban ruwa shi kaɗai, ga mai taɓin hankali, ga almajirin da aka kawo jiya bai san hanyar komawa tsangaya ba, ga 'yar tallar da magariba ta yi ba ta dawo daga kasuwar Dambatta ba ranar Lahadi.

Ba mu zauna haka kawai ba, muna da tsarinmu na gado. Yaron da aka tsinta gidan mai unguwa ake kai shi. Ana yin cigiya a masallaci bayan salla, mai shela ya zaga gari, a aika gidan rediyo, yanzu kuma hoto ya bazu a WhatsApp da Facebook kafin isha'i. Wannan tsari yana aiki idan wani ya riga ya tsinci yaron. Inda yake gazawa shi ne lokacin da babu wanda ya gan shi, wato lokacin da ake buƙatar nema na gaske.

Ga yadda neman yake kasancewa. Da farko a ɓata sa'o'i ana cewa yana gidan kakarsa, zai dawo, wani ma ya ce hukuma ba ta karɓar rahoto sai an kwana. Idan hankali ya tashi, sai gari ya fito gaba ɗaya. Mutum hamsin su bi hanya ɗaya domin wani ya ce kamar ya ga yaro ya yi gabas. A tattake wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, sawun da maharbi zai iya karantawa ya shafe. A leƙa gona ɗaya sau uku, ta kusa da ita ko sau ɗaya. Kowa yana ƙwala kiran sunansa da ƙarfi, alhali ƙaramin yaro idan ya tsorata ɓuya yake yi, jin muryar baƙi da hasken tocila sai su ƙara sa shi laɓewa. Dare ya raba, kowa ya gaji, a watse, babu wanda zai iya faɗin inda aka duba da inda aka bari. Duk wannan an yi shi ne da zuciya ɗaya. Zuciyar muna da ita, ranka ya daɗe, tsarin ne babu.

Shi kuwa neman mutum ilimi ne da ake koyarwa. Wani Ba'amurke mai suna Robert Koester ya tattara bayanan nema fiye da 50,000 ya fitar da littafi a 2008 a kan halayyar wanda ya ɓata, kuma masu aikin ceto a ƙasashe da dama da shi suke horo. Abin da aka gano yana da sauƙin fahimta. Ƙaramin yaro bai cika yin nisa ba, yakan samu inda zai shige ya yi barci. Tsoho mai gigi yakan miƙe hanya sai wani abu ya tare shi, shinge ko rami ko ruwa, kuma sau da yawa ba ya amsa kira. Saboda haka ake fara aiki daga wurin ganin ƙarshe, a killace shi, a sa mutum ɗaya ya jagoranci nema da takarda a hannu. 'Yan mutane masu sauri su ruga wuraren haɗari tukuna, rijiyoyi da kududdufai da masai. Wasu su tare hanyoyin fita. Sauran su jeru sahu guda su ratsa gona kunya bayan kunya, a yi kira, a yi shiru a saurara, a sa alama inda aka gama. Wannan bai fi ƙarfin manomi ba, wanda ya iya tsara gayya zai iya tsara shi.

Tare hanyoyin nan ina so in ɗan tsaya a kansa. A 2019 aka gano wasu yara 'yan Kano a Onitsha ta jihar Anambra, bayan an sace su daga unguwanninsu an sauya musu suna, kuma a 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Waɗannan yara ta mota aka fitar da su. Idan a cikin sa'ar farko bayanin yaro da kalar rigarsa sun isa ga 'yan kamasho a tasha da 'yan acaɓa a mararraba, ɓarawon yaro ya shiga ƙunci. Wannan aiki ne na waya da sanin lambar wanda za a kira, ba ya cin ko kwabo.

Sai batun ruwa da rijiya, inda rashin sani yake kashe mai ceton kansa. Sau nawa muka ji a sanarwar hukumar kashe gobara cewa wani ya faɗa rijiya, ɗan'uwansa ya bi shi, na uku ya bi su, aka fito da su duka babu rai? Iskar ƙasan tsohuwar rijiya takan ɓaci, mutum ya sume kafin ya taɓa ruwa. Tsofaffin mahaƙa sun san haka, samarin da suke rugowa ba su sani ba. A ruwa ma wanda yake nutsewa duk abin da ya kama danne shi yake yi. Shi ya sa ake koyar da a miƙa gora ko sanda, a jefa igiya ɗaure da jarka marar komai a ciki, a je da kwale-kwale, shiga ruwa da jiki ya zama na ƙarshe kuma ga wanda ya iya. Idan an fito da shi, mun saba a kife shi ana danna ciki wai ruwa ya fita, a nan ake asarar lokacin da ya kamata a hura masa numfashi a danna ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Namu suna cikin wannan lissafi ko ba a rubuta sunansu ba.

Ba sabuwar hukuma nake roƙo ba, mutanen suna nan. Akwai 'yan agajin Fityanul Islam da na Izala da na Jama'atu, waɗanda suka saba da horo da biyayya ga shugaba. Akwai 'yan Hisba, da 'yan sintiri, da 'yan sa-kai na Red Cross. Akwai maharba masu bin sawu, da Sarkin Ruwa da masuntansa da suka san zurfin kowane lungu na dam. A zaɓi mutum goma ko sha biyu a kowace mazaɓa ta hannun dagatai da limamai, hukumar kashe gobara da hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, su horar da su na 'yan kwanaki, a riƙa maimaita atisaye kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Kayan aikinsu igiya ce mai ƙarfi, da rigunan hana nutsewa, da tocila, da usur, da lasifikar hannu, da akwatin taimakon farko, a ajiye a gidan dagaci inda kowa ya sani. Lallai a sa mata a ciki. Namiji baƙo ba ya shiga gidan matan aure, uwa kuma ita ta san rigar da yaro ya sa, da abin da ya tsorata shi, da gidan da yake son zuwa, kuma mace 'yar'uwarta za ta fi sakin jiki ta faɗa wa.

Kano ta taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. A yaƙin shan inna an zana taswirar ƙauyuka da rugage, an horar da mata suna bin gida-gida, masu unguwanni suna riƙe da lissafin yaran unguwarsu, har jihar ta rabu da nau'in cutar na asali tun 2014. Wannan taswira da wannan tsari su ne ainihin abin da mai nema yake buƙata. A waje ma akwai abin dubawa. Bayan guguwar 1970 da ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin da ya zama Bangaladesh, ƙasar ta kafa rundunar 'yan sa-kai na ƙauye, yau sun haura 70,000, rabinsu mata, kuma mace-macen guguwa sun ragu ƙwarai. Ƙasa ce mai talauci da cunkoso irin tamu.

Akwai abu biyu da nake tsoro, kuma gara in faɗe su tun yanzu. Na farko siyasa. Idan aka mayar da wannan aiki gurbin sallamar 'yan jagaliya, aka raba riguna aka ɗauki hoto, to ranar da yaro ya faɗa ruwa ba za a ga kowa ba. Na biyu makami. Mun ga yadda 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga iyakar Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Wanda suka ɗauka, bin sawunsa aikin soja da 'yan sanda ne, kada a tura manomi da tocila ya tari bindiga. Aikin mai nema shi ne ya tantance da wuri ko ɓata aka yi ko ɗauka, ya miƙa wa jami'an tsaro sahihin bayani. Haka kuma shi ne zai tsaya tsakanin fusataccen taro da baƙon da aka nuna da yatsa aka ce ɓarawon yara ne. Mu Kanawa mun san ɗacin wannan, domin a watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo, zargi kawai aka yi wa matafiya maharba, mafi yawansu 'yan jihar nan, aka kashe 16. Bai kamata irin haka ta faru da baƙon kowa a ƙasarmu ba, kuma daren da yaro ya ɓata shi ne daren da ta fi saurin faruwa.

Ina kuma roƙon a buɗe rajista guda a kowace ƙaramar hukuma, a riƙa rubuta wanda ya ɓata, da inda aka same shi, da bayan sa'a nawa, da halin da aka same shi. Cikin 'yan shekaru za mu san wane kududdufi ne yake cin yara a kewaye shi, wace rijiya ce za a rufe, wane wata ne ya fi haɗari. A kuma sanar a rediyo da kan mumbari cewa rahoton ɓatan yaro ba ya jiran kwana, a kai shi ofishin 'yan sanda nan take, a kira 112 inda waya take shiga.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ceton rai farilla ce ta kifaya, idan babu wanda ya iya ta a gari, laifin na kowa ne, shugaba kuma shi ne a gaba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, na san ba za a game su a shekara ɗaya ba. A fara da Bagwai da Bichi da Dambatta da Makoɗa da Minjibir, inda manyan ruwaye suke. Ka umarci hukumar kashe gobara da SEMA su zauna da hakiman waɗannan ƙasashe su fitar da sunaye, a ware kuɗin horon a kasafi, a gama zagayen farko kafin damina mai zuwa.

Allah Ya taimake ka, Ya yi maka jagora.

Wassalam.

Naka,
Wani talakanka daga karkarar Bichi.