Kututturen da Bai Mutu Ba

Malamin da ke wanke allo da bafataken da ke awon kalwa a kasuwa, kowannensu da itace yake cin abinci. Allo daga aduwa ake sassaƙa shi, tawada sai da ƙaro, majemi ba ya jima sai da bagaruwa, daddawa kuwa 'yar ɗorawa ce. To, ga shi waɗannan itatuwa suna ta raguwa a karkarar Kano da Katsina, masu faskare da masu gawayi sun sa su gaba.

In aka ce a yi magani, sai a kawo dashen dogon yaro da turare. Ba a raina inuwarsu ba, amma turare ba ya ba da kalwa, kuma dashe da yawa ba ya ganin damina ta biyu, ko akuya ta cinye shi ko ƙishi ya kashe shi.

Akwai wata hanya da ta fi wannan, a ƙasar Maraɗi da Damagaram aka gwada ta. Tun 1935 dokar Faransa ta sa itatuwan ƙasar a hannun hukuma, har mutum kan sha tara don ya sare gawo a gonarsa. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Sai manoma suka riƙa sassabe ƙaf. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, ƙasa ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A wajen 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashe a Maraɗi, ya lura tohon da ake sarewa kowace bazara daga tsohon kututture yake fitowa, saiwarsa tana nan da rai. Abin da ake bukata kaɗan ne, watau manomi ya zaɓi toho masu ƙarfi, kamar uku ko biyar, ya share sauran, ya tsare su daga dabba. Shi ne ake kira sassabin zamani. Da malaman daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5, da itace wajen miliyan 200.

Gawo shi ne sarkinsu. Yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Fataken da ke bin hanyar Daura zuwa Matamaye da Magarya sun gan shi reras cikin gonaki.

Lalle ya kamata hakimai da dagatai na wannan gefen iyaka su fara da abin da ya fi dashe sauƙi: su shaida wa talakawa a bainar jama'a cewa wanda ya reni kalgo ko aduwa ko gawo a gonarsa, shi ke da reshensa da 'ya'yansa, mai gatari kuma sai da izninsa.